Da Na Sa wa Takardata Kuɗi

Bayan na yi ritaya daga koyar da darasin addinin Kirista a sakandare, na fara rubuta wata 'yar takarda ta ilimin tauhidi da Hausa, wata-wata. Tambayoyin bakin coci ne suka ja ni. Ana tashi daga Misa sai mace ta ja ni gefe ta tambayi abin da take jin nauyin tambayar Fada, limamin cocinmu: me ya sa muke yi wa matattu addu'a, ina jaririn da ya rasu ba baftisma ya tafi, ko ɗan Katolika zai iya cin naman layya da maƙwabci ya aiko. Amsoshin suna nan a littattafai, amma da Turanci mai nauyi. Sai na riƙa zama a barandata a Tudun Fulani ina warware su da Hausar da mutanenmu ke ji, Bagwari da Banufe da Bahaushe.

Wani Alhaji a Shango ke buga min. Kakansa aikin jirgin ƙasa ya kawo shi Minna. Bai taɓa tsoma baki cikin abin da na rubuta ba, sai dai in na manta lanƙwasar wani harafi ya gyara. Kuɗin bugun kuwa wani ɗan kwangila na cocinmu ke biya. Ya daɗe yana yi, bai taɓa neman komai ba, ni ma ban fasa gode masa ba. Ana raba takardar kyauta a ƙofar coci, a kuma tura ta waya.

Da zaɓe ya ƙarato, wata la'asar sai ga motarsa a ƙofar gidana. Ya tsaya takara. Na kawo masa kujera da ruwa, muka gaisa, sannan ya shiga magana.

"Malama, a fitowa ta gaba ina so ki yi wa jama'a bayani cewa wajibi ne ɗan Katolika ya zaɓi ɗan'uwansa. Ke kin san inda za ki samo hujja."

Na ce, "Yallaɓai, babu wannan hujjar. Ikilisiya ta ce mutum ya duba da kyau, ya bi lamirinsa."

"To ki rubuta yadda lamirin nasu zai zo wajena," ya ce yana dariya.

Ban taya shi ba. Na gaya masa rabin dangina a Beji Musulmi ne, gona ɗaya muke nomawa, kuma ba zan ɗauki ƙarya in sa mata rigar koyarwa ba. Ya ajiye kofin, ya ce in tuna wanda ke riƙe da takardar. Na ce na tuna, kuma daga yau ya sake ta.

Sai da ƙarar motarsa ta ɓace na fara lissafi. Fanshona ba ya zuwa kan lokaci, in ma ya zo ba zai ɗauki bugu ba. Washegari na hau Keke zuwa Shango na gaya wa Alhaji ƙila wannan ce fitowa ta ƙarshe. Ya kashe inji ya saurare ni.

"Malama, su masu karantawar fa? Ba su da aljihu ne?"

"Alhaji, ai sun saba da kyauta."

"To su saba da biya."

A fitowar da ta biyo na rubuta a shafin farko cewa daga wata mai zuwa takardar ta masu biya ce, ɗan abin da bai kai kuɗin katin waya ba, duk wata. Ban ambaci ɗan kwangilar ba. Na ce dai ina so takardar ta zama ta masu karanta ta, kada bakin mutum ɗaya ya juya ta.

Ban zaci abin zai yi zafi haka ba. A zauren cocinmu na waya wani dattijo ya rubuta cewa Malama ta fara sayar da Allah. Wata da na koyar da 'ya'yanta duka ta daina amsa gaisuwata. Ranar Lahadi Fada ya aiko a kira ni ofis. Yaro ne a kaina, Mama yake ce min, kuma na ga alamar ba da son ransa ya kira ni ba.

"Mama, ƙorafi ya yi yawa. Suna cewa maganar Allah ba hajar kasuwa ba ce."

Na ce, "Fada, leƙa taga. Kyandir ɗin can da kalanda da carbi, kyauta ake ba da su? Ni takarda nake sayarwa, da tawada, da kwanakin da nake yi ina karatu idona na ruwa. Wanda ya tare ni a bakin ƙofa da tambaya, har gobe zan amsa masa ba ko sisi."

"Ba za ki koma ku daidaita da shi ba?" Ashe labari ya kai masa.

"In akwai kuskure a koyarwata, nuna min, yanzu in janye. In babu, ba zan koma ba."

Ya juya biron da ke hannunsa. Can ya ce babu kuskure, amma a daina raba ta a ƙofar coci, don a zauna lafiya. Na ce na ji. Lahadin da ta biyo na ɗauko kujerar roba na kafa a ƙarƙashin bishiyar mangwaro, tsallaken titi, inda ba filin coci ba ne.

Watan farko na sha kunya. Mutanen da a da ke wawar takardar suka riƙa wucewa suna kallon wayoyinsu. Waɗanda suka biya ba su cika benci biyu ba. Daga cikinsu kuma wani ya ɗauki hoton shafukan ya watsa ko'ina. Na yi fushi na kwana biyu, sannan na ƙara layi a saman takardar: wanda ba shi da hali, ya karanta, na yafe, wanda ke da hali ya ƙi biya, tsakaninsa da lamirinsa. Wasu sun ce na yi rashin kunya. Layin yana nan har yau.

Ana cikin haka yayata ta zo daga Beji ranar kasuwa. Ba ta yi boko ba, kuma a sanina ba ta taɓa damuwa da abin da nake rubutawa ba. Ta zauna, ta kwance bakin zane ta miƙo min kuɗi. Ta ce matan ƙauye ne suka haɗa, kwafi ɗaya suke so, katikis, malamin cocin ƙauyen, zai riƙa karanta musu bayan sujada. Na fara godiya, ta ɗaga hannu.

"Tsaya tukuna. Tunda mun biya, muna da magana. Wancan dogon bayani naki na mala'iku, barci ya sa mu. Ki rubuta mana a kan matar da mijinta ya mutu, 'yan'uwansa Kirista suka ƙwace gona suka bar ta da yara. Me coci ta ce?"

Na ce, "Yaya, ba a yi min odar abin da zan ce."

"Wa ya ce ki faɗi abin da muke so? Ki faɗi abin da ke akwai. Tambaya muka yi."

Ta fi ni gaskiya. Na yi mako uku ina bincike, na rubuta, ban sassauta ko kalma ɗaya ba. Da katikis ya karanta a Beji, aka ce wasu maza sun tashi sun fita. A nan Minna wani daga cikin masu biya ya zo har gida ya ce in cire sunansa. Na cire, na ba shi ruwa ya sha, na raka shi ƙofa. A watan ne kuma mata daga ƙauyuka biyu suka aiko a sa su.

Takardar ba ta koma yawanta na da ba, kuma ba na jin za ta koma. Wani watan sai na rage shafi kafin kuɗin bugu ya isa. Ni da ɗan kwangilar muna gaisawa in mun haɗu, a tsaye, a taƙaice. Da damina ta kama, ruwa ya kore ni daga gindin mangwaron, sai mai shagon kusa ya ce in matso da kujerata ƙarƙashin rumfarsa. Can nake zama yanzu duk Lahadi, daga Misar farko har a tashi ta biyu.