Kuɗin Ɗorawar Inna Tumba

Lokacin aikin dam ɗin Bakolori aka baje gonata ta Bakura, aka biya ni diyya har da naira talatin na ɗorawar da ke tsakiyarta. To, gona tawa ce, amma itacen gadon Inna Tumba ne, tsohuwar da ta koma wurin 'yarta a Maradun. Masu ƙidaya ba su san ana haka ba, ni kuma ban tuna musu ba. Sai da na tashi biyan kujerar Makka zuciyata ta hana ni sakat.

Talata Mafara

Na fito bayan asuba, na hau a-kori-kura, sule biyar, ni da buhunan albasa. Ƙarfe takwas ina ofishin biyan diyya. Na ce wa akawu na kawo rarar kuɗi. Ya cire tabarau ya dube ni.

"Malam, lahiyarka ƙalau? Tun da nike nan ban ga takardar maido kuɗɗi ba. In sun dame ka, aje su nan."

Ganin yadda ya buɗe aljihun riga, ba na tebur ba, na yi masa sallama.

Maradun

Sai sha biyu na samu tifar yashi. Direba ya ji labarina, ya yi dariya har muka kusa faɗawa rami, ya ce in ba shi ya yi mini sadaka da su. Na ba shi sule uku na mota.

Da la'asar na iske Inna tana dakan kalwa. Muka gaisa, na tsuguna na miƙa kuɗin ina jin kaina kamar waliyyi. Ta ƙulle su a bakin zane.

"Allah shi yi ma albarka, Mamman. To, ɗorawar da kaka kaɗewa da gora kullum bazara, shekara ashirin, ina kallonka daga bayan rumbu hwa?"

Wallahi na ji kunyar da ban taɓa ji ba.

"Tashi," in ji ta. "Wagga na yahe ma. Da ba ka zaka ba, da sai mun gamu can lahira."

Gida

Na kwana a zauren surukinta, washegari da hantsi na iso Bakura lafiya. Na gode wa Allah da ya sa na same ta da rai.