Ƙwaya a Kunun Safe

Ƙanena ya fara shan tiramol a gonar albasa, can fadamar Goronyo. Ba shi ya saya ba. Mai gonar ke narka ƙwayar cikin kunun safe, don 'yan ƙwadago su yini duƙe suna dashe ba su ji bayansu ba.

Da ya fara faɗuwa yana kumfa, Inna ta ce iskoki ne. Na ce a kai shi asibiti Sakkwato. Kawunmu ya ce, "Ke mi kinka sani? So kike a ce ɗanmu ɗan ƙwaya ne?" Sai anka kai shi wurin wani mai magani bayan Rabah, anka sa mishi mari a ƙafa, ana ta hayaƙi. Bayan wata biyu anka maido muna gawa, da gyambon ƙarfe a idon sawu.

Ranar sadakar uku mai gonar ya shigo gaisuwa. Ya tsuguna bakin ɗaki ya ce, "Inna, sai haƙuri. Ban taɓa samun ma'aikaci irinai ba. Bai san gajiya ba."

Inna ta yi mishi godiya. Ni anka sa in kawo mishi ruwa.