Shekarar da Na Kai 'Yata Santa

Ni malamar firamare ce a Kafanchan, kuma duk wanda ya bi ta ajina ya san ba na wasa da satar amsa. In yaro ya leƙa takardar na kusa da shi, kunnensa ne zai ba da labari a gida. Haka na riƙe nawa gidan ma. 'Ya'yana huɗu, ta farkon mace ce, ita ce kuma ta sha mafi yawan wa'azina, domin a kanta na koyi zama uwa.

Kullum da safe, kafin a dama koko, mukan zauna a falo mu karanta Maganar Allah. Maigidana yana aiki a Kachia, sai ƙarshen mako yake zuwa. Saboda haka ni ce fasto, ni ce mai jan waƙa, ni ce kuma mai dungure kan wanda ya yi gyangyaɗi. A cikin Littafin akwai wurin da uba yake jan kunnen ɗansa cewa in abokai suka kira shi zuwa mugun abu kada ya yarda, kada ma ya taka hanyarsu, ya kuma riƙe koyarwar uwarsa. Na fi son wurin nan, kuma ban ɓoye dalilina ba, akwai uwa a ciki. Na yi ta maimaita shi har autana ya fara riga ni ƙarasawa.

'Yata tun tana ƙarama aikin jinya take so. Ko kaza ce ta karye a ƙafa, ita za ta ɗaure ta. Makarantar koyon jinya kuwa ba ta ɗaukar mutum sai ya ci lissafi da kimiyya da kyau, ita kuma kemistiri ya tsaya mata a wuya tun ajin farko na babbar sakandare. Tana ƙoƙari, ban taɓa cewa ba ta yi ba, amma abin ba ya zama mata.

A garinmu, idan yaro ya kai ajin ƙarshe, iyaye da yawa sukan cire shi daga makarantar da ya yi shekara biyar a ciki, su kai sunansa wata makarantar ƙauye don ya rubuta jarrabawar fita a can. Santa ake kiran irin wannan wuri. Ba karatu ake zuwa yi ba. Ranar jarrabawa sai a rufe ƙofa, wani ya tsaya a bakin hanya yana gadi, wani kuma ya rubuta amsoshi a kan allo, yara su kwafa. Kowa ya san da wannan. Ba a dai faɗarsa a gaban fasto, ko da yake ina zargin shi ma ya sani.

Wata rana 'yata ta same ni ina tsince acca a bakin kicin, ta durƙusa, ta ce ƙawayenta huɗu duk za su koma santa, ita kaɗai za a bari.

Na ce, "To sai me? In su huɗun suka faɗa rijiya, ke ma binsu za ki yi?"

Ta ce, "Mama, kemistiri ne kawai."

Na ce, "Ɓarawon abu ɗaya ma ɓarawo ne. Me muke karantawa kullum da safe? Waƙa ce?"

Ta miƙe. Ta koma ta gaya wa ƙawayenta ba za ta je ba. Daga baya na ji sun yi mata dariya, sun sa mata suna 'yar fasto, sun kuma daina jiranta a hanya. Ta shanye duk wannan. Ni kuwa na yi ta yawo da kai a sama kamar wadda aka naɗa wa sarauta.

Sakamako ya fito. Ta ci komai, ta faɗi kemistiri. Ƙawayen nan huɗu kuwa sun cinye duka, har da wadda na koyar a aji shida, wadda na san ko wasiƙar neman izini ba za ta iya rubutawa ba sai an riƙe mata hannu. Biyu daga cikinsu suka shiga makarantar jinyar da 'yata take mafarki.

Ba zan yi ƙarya ba, raina ya ɓaci, kuma ba da yaran nake fushi ba. Na yi abin da aka ce a yi, na hori 'yata yadda aka rubuta, ta kuma yi biyayya, sai ga ladanmu. A sujadar safe na ci gaba da karatu, amma muryata ta canja. Har cikin addu'a nakan ji kamar ƙara nake kaiwa.

Shekara guda cur ta zauna a gida. Da safe ta yi shara, ta ɗebo ruwa, ta raka ƙannenta makaranta. Da rana ta ɗauki littattafanta ta tafi gidan wani tsohon malamin kimiyya da ya yi ritaya a bayan layin dogo, ya koya mata. Da yamma ta zauna a gindin mangwaron gidanmu tana lissafe-lissafe har sauro ya kore ta. Ban taɓa ganin yarinya ta dage haka ba. Lokacin Kirsimeti ƙawayen suka dawo hutu, suka biyo ta ƙofar gidanmu suna magana da Turancin asibiti, ita kuma tana wanke tukwane a bakin famfo. Ta gaishe su da fara'a. Ni ce na shige ɗaki na rufe ƙofa.

Abin da ban hango ba shi ne ni ma ina da nawa ƙawayen. Kowace Talata muna taron zumuntar mata a majami'a, mu yi waƙa, mu buga tulu, mu yi addu'a, bayan an tashi kuma a tsaya gindin bishiya a yi ainihin taron. A nan ake tambayata, da irin Hausar garinmu, "Malama, yaya yarinya? Har yanzu yana gida?" Da murmushi ake tambayar, da murmushi nake amsawa, in koma gida in huce a kan wanda na fara gani.

Wata Talata uwar zumuntarmu ta ja ni gefe. Dattijuwa ce da nake girmamawa ƙwarai, ita ta kwana da ni a asibiti lokacin haihuwar autana. Ta riƙe hannuna ta ce, "Malama, bari in gaya maka gaskiya. Wannan yarinya shekara nawa kana so ya zauna? Yarinya mace ne fa. In ya zauna gida haka, wani ɗan okada ya yi masa ciki, wa za ka kama? Allah ya san ƙasan da muna ciki. Ka kai shi santa ya wuce, in ya shiga makaranta sai ya yi karatu na gaskiya."

Na ce, "Mama, amma Maganar Allah fa?"

Ta ce, "Ni ban san Maganan Allah ba ne? Jikokina uku a wurin sun rubuta. Yau ɗaya yana jan waƙa a kwayan majami'a."

Da wani mashayi ne ya faɗa mini haka, da na wanke shi tas. Amma wannan matar ce ke jagorantar mu a azumi.

Ranar Asabar na kai maganar gaban maigidana, ina fata ya buga ƙafa a ƙasa ya hana. Yana cin gwate, ko ɗago kai bai yi ba, ya ce, "Ke ce malama. Duk yadda kika gani." Na tsaya ina kallon ƙeyarsa. Shekara ashirin da aure, ranar da nake bukatar mutumin nan ya yi mini gardama, ranar ce ya zaɓa ya zama mai sauƙin kai.

Litinin na nemi izini a makaranta, na ce zan je gaisuwar rasuwa. Na hau mashin muka wuce Godogodo, muka saki kwalta muka bi wata hanya ta cikin gonaki. Makarantar azuzuwa uku ce, rufin ɗaya ma iska ta ɗaye. Awaki sun fi ɗalibai yawa a harabar. Shugaban makarantar bai tambaye ni me ya kawo ni ba, ya dai miƙo mini fom. A bakin ofishin na yi kiciɓis da matar wani dattijon ikilisiyarmu, wanda ya yi mana wa'azi a kan gaskiya bai fi wata guda ba. Muka gaisa, muka tambayi lafiyar yara, kowacce ta kau da kai.

Da na dawo na kira 'yata ɗaki na gaya mata.

Ta ce, "Mama, na shirya fa. Malam ya ce bana zan ci."

Na ce, "Bara ma haka aka ce."

"Ki bar ni in gwada a makarantarmu."

Na daka mata tsawa. Na ce ba zan sake zama abin nuni a garin nan ba, ni na haife ta, ni na san abin da ya dace da ita, kuma Maganar Allah ta ce a yi wa iyaye biyayya. Eh, har da wannan na faɗa. Bakin da ya hana ta bara, shi ne ya tura ta bana, kuma daga wuri ɗaya na ɗebo hujjar duka biyun. Ta sunkuyar da kai ta ce, "To, Mama."

Damina ta fara lokacin jarrabawar. Ranar kemistiri ta dawo da yamma jiƙe sharkaf, laka har gwiwa. Na tambaye ta yaya, ta ce lafiya. Sai da na matsa ta ba ni labari. Ta ce da aka raba takardu ta duba tambayoyin, ta ga ta san kusan duka, sai ta juya wa allo baya ta fara nata aikin. Wani malami ya zo ya tsaya a kanta, ya ce a nan ba a yin haka, in ta faɗi sunan santarsu ne zai ɓaci. Ya karɓe takardar da ta fara, ya ba ta sabuwa, ya ce ta kwafi abin da ke allo, ta kuma ɓata biyu ko uku da gangan kamar kowa, don kada amsoshin su yi kama da juna. Ta ce akwai amsa ɗaya a allon da ta tabbata kuskure ce, amma ta kwafe ta haka nan.

Abin da ya fi ci mini rai ke nan har yau. Wataƙila da na bar ta da ta ci da kanta. Wataƙila kuma da ta sake faɗuwa. Ba ni da hanyar sani, ita ma ba ta da ita. Karatun shekara guda a gindin mangwaro, ni da hannuna na hana a auna shi.

Sakamako ya fito da kyau, kemistiri ma ya fi sauran kyau. Makarantar jinya ta ɗauke ta. Matan zumunta suka cika gidana da guɗa, uwar zumunta ta rungume ni tana cewa, "Ka gani? Allah ya yi."

A ikilisiyarmu akwai Lahadin da ake kiran iyalan da Allah ya yi wa alheri su fito godiya. Na ɗaura zanen zumunta, na sa aka kawo doya da zakara. Da aka kira mu, aka tayar da waƙa, na miƙe ina rawa, mata suka biyo ni, maigidana yana gefe yana ɗan jujjuya kafaɗa. Sai da na kai tsakiyar majami'a na waiga, na ga 'yata tana zaune a inda take. Na yi mata alama da hannu, na zare mata ido. Ba ta motsa ba. Haka na ƙarasa gaba na durƙusa, fasto ya sa mana albarka a kan jarrabawar da mai ita take zaune a benci na baya. Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ko zane ban canja ba da muka isa gida. Na same ta a kicin tana hura wuta, na fara. Na ce ta tozarta ni a gaban jama'a. Na ce na hau mashin na sha ƙura da rana saboda ita, na yi ƙarya a wurin aikina saboda ita, yau ga sakayyar da zan samu. Na ce in ba za ta gode mini ba, ai sai ta gode wa Allah.

Ta bar ni na gama, sannan ta ajiye mafici ta ce, "Mama, in na fita gaba, me zan ce Allah ya yi mini?"

Na ce, "Kada ki kawo mini iyayi."

Ta ce, "Ba iyayi ba ne. Da ƙawayena suka ja ni, na san yadda zan ce musu a'a, ke kika koya mini. Amma ba ki taɓa koya mini yadda zan ce miki a'a ba."

Na buɗe baki in ci gaba da faɗa, tunda shi na fi iyawa, sai ta tambaye ni ko a yanka kaza ne ko a dafa wake, ta juya ta ci gaba da hura wutarta.