Tauraron Kaka a Ƙirjin Kwamanda

Ko mi zan manta a duniya, ban mantawa da ranar da wani ƙato yas sa ni tsallen kwaɗo bakin titin Maiyama kan guntun ƙarfe. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Kakana na wajen uwa, nan Jega, ya yi tsaron ƙofar silima a Sakkwato da ƙuruciyarshi, can yak kamu da ciwon fim ɗin kaboyi. Abin da yaf fi tafiya da shi shi ne bajon nan mai siffar tauraro da 'yan dokan kaboyi ke maƙalawa a ƙirji. Kawuna da ke aiki Ikko ke samo mishi irinsu. Ba na gaske ba ne, na kwaikwayo ne da ake ƙerawa don masu sha'awar tarawa. Yat tara goma sha biyu cikin gwangwanin biskit, duk Jumma'a shina goge su da toka da lemun tsami. Ni ko ina gefe ina tsokana: "Tsoho, sa'o'inka na jan tasbaha, kai kana goge murfin kwalba." Sai ya ce, "Ja'iri, taɓa ɗaya ka gani."

To, na taɓa. Lokacin ina kabu-kabu, wata safiya niz zare guda mai ruwan gwal, nim maƙala ga jaket don yanga a tasha. Na samu fasinja daga Aliero zuwa Mungadi, munka kama hanya. Gab da Maiyama sai ga 'yan banga sun gitta icce kan titi. Babbansu, wanda suke ce ma Kwamanda, bai ko dubi fuskata ba, ƙirjina yake kallo.

"Kai, wace hukuma kake?"

"Hukumar kabu-kabu, ranka shi daɗe."

Bakina ke kashe ni kullum. Yac ce sojan gona nake. Nir rantse mishi kayan sha'awar kakana ne, ko kaza bai iya kamawa. Yaf fizge bajon har jaket ta yage, yac ce shaida ce, ofis za a kai ta. Sannan yas sa ni kama kunne, tsallen kwaɗo daga iccen har gindin dogon yaro, gaban masu fura waɗanda kullum ni ke musu ba'a. Fasinjana yah hau wani mashin yat tafi abinshi.

Da kaka yag ga gurbin, bai yi faɗa ba, kuma wallahi gara ya zage ni. Cewa kawai yay yi, "Shi ne na farko da kawunka yak kawo min," yar rufe gwangwani.

Bayan mako guda nis sake bin hanyar. Mi zan gani? Shaidar da anka ce tana ofis, ga ta tana walƙiya a ƙirjin Kwamanda. Wai daga sama anka ƙara mishi girma. Duk manomin da yaz zo da buhun albasa sai ya kwance baki an ɗiba. Na ga wani dattijon Bafulatani, sa'an kakana, ya tuɓe malafa ya durƙusa shina gaida shi. Ni da nis sa don yanga na sha tsallen kwaɗo, shi da ke cin albasar mutane da shi ana ce mishi ranka shi daɗe.

Na koma Jega nib ba kaka labari. Yas shiga ɗaki, yaf fito da babbar riga, ya jera sauran goma sha ɗayan tun daga wuya har ciki. Yac ce, "Tada mashin."

Da munka isa, yas sauka a hankali shina ƙyalli kamar motar amarya.

"Sannu da aiki, ɗana. An ce an ƙara maka girma."

Kaka yan nuna ƙirjin Kwamanda, yac ci gaba:

"Kai guda, ni goma sha ɗaya. Cikinmu wa zai sara ma wani?"

Yac cire ɗaya yam miƙa ma wata mai fura. "Riƙe, ɗiyata, ke ma yau kin zama Kwamanda." Manoma sunka fashe da dariya, har yaranshi na juya baya suna ƙyaƙyatawa. Kwamanda yak kai hannu zai cire, abu ya ƙi. Ashe fil ɗin ya karye lokacin da yaf fizge, sai yah huda tauraron da ƙusa wuri biyu yaɗ ɗinke shi ga riga. Sai da anka aro reza.

Kaka ya daɗe shina kallon tauraron da hujin nan biyu a tafin hannunshi. Sannan yah hau mashin munka komo gida. An ɗauke iccen daga titi bayan 'yan kwanaki, amma wata uku kaka bai amsa tsokanata ba, kuma wanga shi yaf fi min tsallen kwaɗo ciwo.

Abin da nik koya, mutanenmu in sunka ga abu na ƙyalli a ƙirji sai su durƙusa, ba mai tambayar wa yab ba shi. Ni yanzu ina tambaya. Kuma abin da wani ke so, ko ya yi maka kama da shirme, ka bar mishi kayanshi inda ya aje.