Ƙusar Gunnar

A gidan gahawar Marlys Thorsrud, can bakin tafki a arewacin Minnesota, duk wanda ya saba zuwa yana da kofinsa rataye a ƙusa jikin bango. Ranar da ta sauke kofinka, ta kore ka ke nan, ba sai ta buɗe baki ba. Nawa yana gefen na yayanta Gunnar, wanda ya kafa ƙusar farko tun mahaifinsu na da rai.

Da dokar hana zuƙar sigarin lantarki a wuraren jama'a ta fito, kowa ya bi sai Gunnar. Da abin nan ya rabu da taba, yana ji da shi kamar lambar yabo.

"Yaya, waje," in ji Marlys.

"Haba Auta, tururi ne fa! Ƙamshin mangwaro ma yake yi."

"Gemu fari fat kana warin alawar yara. Waje."

"Matsoraciya. Hukuma ce ta razana ki?"

Ya feso wani gajimare kan faranti. Ta miƙa hannu ta sauke kofinsa. Ya ɗauki hularsa ya fice.

Gari ya ce tarar hukuma take gudu. Ni ban yarda ba. Tun tana yarinya take ratsa hayaƙin maza da tire a hannu, ba wanda ya taɓa tambayar ta ko tana so, har muryar da take waƙa da ita a coci ta dushe. Dokar nan ba tsoro ta ba ta ba, sanda ta ba ta. Ta kuma san in ta ɗaga wa jininta ƙafa, sandar ta karye.

Amma duk ƙarar ƙofa sai ta ɗago kai. Gunnar bai zo ba.

Wata safiya muka ji guduma. Ta kafa ƙusa a waje, gefen ƙofa, ta rataye kofinsa, dusar ƙanƙara na zuba a ciki.

Ya zo. Ya sha gahawarsa a tsaye, hanci ja wur, yana zagin sanyi. Kwanaki yana haka, kafin ya turo ƙofa da kofin a hannu.

"Ina mangwaron?" ta ce.

"Yana mota. Zuba min, sarkin taurin kai."

Ta cika masa har baki. Ƙusar wajen tana nan, ta hana a cire.