Liƙin da Alhaji Isuhu bai yi ba

Da ƙyar na cafko rigar Alhaji Isuhu. Ya riga ya miƙe, sababbin kuɗi a hannu, zai nufi dandamali.

Shekarar Olamfik ce, a babban zauren kiɗa na Guangzhou. Laoban ɗinmu, wato maigidanmu na kasuwar Zhanxi, mai shagon da muke sarin takalma, shi ya gayyace mu, don 'yarsa na cikin masu goge. Ni na kwana biyu a garin, Alhaji kuwa zuwansa na farko ke nan daga Maraɗi.

Zauren tsit, ko tari babu mai yi. Yarinyar ce kaɗai a tsaye tana jan gogenta.

Na raɗa masa, "Alhaji, don Allah zauna. Nan ba a liƙi. Fitar da mu za a yi, mu kunyata mutumin nan."

Ya ce, "Haba Malam Bala! Ɗiyar wanda ya riƙe mu amana tana kiɗi, in zamna kamar kututture? To mi aka ba ta?"

Na ce, "Shiru."

Ya harare ni, ya zauna. Can muka ga laoban idonsa a rufe, hawaye na bin kuncinsa. A hankali Alhaji ya mayar da kuɗinsa aljihu.

Da muka fito, ya tsaya gaban allon wasannin da ke tafe, ya ce in duba masa ranar da za ta sake yi. "In dawo in ba ta shirun cikakke. Na yau rabi ne."

Ku fa, kun taɓa yin kyauta da shiru?