Rigar Ulun da Ta Ƙanƙance

Mutumin ya haura sittin, magidanci ne, kuma da ganin hannunsa bai saba wanki ba. Yana tsaye gaban kantar sabulai, yana ɗaga kwalba yana mayarwa. A hammatarsa akwai rigar sanyi ta ulu, saƙar hannu, ta ƙanƙance ta yi tauri kamar ta yara.

Mai shagon ta karɓa ta shafa. "Baba, da me ka wanke ta?"

"Garin sabulu da ruwan zafi. Na cuɗa sosai don ta fita."

"Ai dafa ta ka yi! Ulu ruwan sanyi yake so, da sabulu marar ƙarfi, ba cuɗa ba murɗa."

"To wanne zai dawo da ita?"

"Babu, Baba."

Ya sunkuyar da kai. Ta matarsa ce, in ji shi, mahaifiyarta ta saƙa mata kafin ta rasu. Tana kwance a asibiti, kullum sai ta tambayi rigar.

Duk da haka ya sayi sabulun. A bakin ƙofa wayarsa ta yi ƙara. Ya ɗauka, ya juya wa mai shagon baya.

"Eh, na wanke," ya ce a hankali. "Ba ta gama bushewa ba."